Shekarar da Muryar Iro Na-Tsauni Ta Sirance

Wani direban tirela ya taɓa kawo min kaset a cikin ledar burodi, zarensa ya fito waje ya cukurkuɗe kamar taliya. Ya ce rediyon motarsa ce ta tauna shi a hanyar Lokoja, kuma shi ba ya iya tuƙi ba tare da wannan kaset ba. Na kwance ƙusoshin da ke jikinsa, na warware zaren a kan tabarma, na yanke inda ya taune da reza, na haɗa baki da baki da ɗigon jan farce, na naɗe da biro. Wuni guda na yi a kai. Abin da ya ɓace a waƙar bai wuce kalma uku ba, amma da ya saurara sai ya ɗago kai ya ce, "Malam, ina gaisuwar da yake yi wa direbobi a nan?" Irin mutanen da na yi wa aiki ke nan.

Na kawo wannan ne saboda ku samarin da ke zaune da kwamfuta a bakin titin Narayi da Kamazou a nan Kaduna kuna tura wa mutane waƙa a waya. Ɗayanku ya ce min, "Baba, ai naku aikin ma danna maɓalli ne, sai dai naku maɓallin ya fi ƙara." Ban yi fushi ba. Maɓallinmu ya fi ƙara, gaskiya ne. Amma ku idan mawaƙi ya fitar da albam ɗin banza, mai waya gogewa yake yi ya wuce. Mu a zamaninmu wurinmu ake dawowa da shi, a zauna mana a benci, a buƙaci bayani.

A zangon Kumasi na koyi rikodin, wurin wani dattijo da ake kira Papa Isifu. Wata takwas bai bar ni na taɓa maɓalli ba. Aikina goge hed da auduga da sifirit. Hed shi ne ɗan ƙarfen da zaren kaset ke gogawa a kai sauti ya fito, kuma in ya yi datti mawaƙi sai ya koma kamar yana waƙa a cikin tulu. Papa Isifu yakan juya min baya, ya kunna kaset, ya tambaye ni da yaren Asante, na goge ko ban goge ba. Ba amsa yake nema ba, ya riga ya ji. Kunnen da ya yi kasala yake nema ya ja. Daga wurinsa na san kaset mai minti sittin ya fi mai casa'in ƙwari, na san ba a yanke waƙa a tsakiyar baiti don zare ya ƙare, na san mai sayen kaset ba abokin ciniki ba ne, masoyi ne, kuma masoyi mutum ne mai haɗari.

Na yi wannan sana'a a Yamai, na yi a Duwala, na ɗan taɓa a Kartum. Ko'ina mawaƙa sukan ba masoyansu kunya, amma kowane gari da yadda yake ɗaukar abin. Mutumin Kumasi in gwaninsa ya yi kaset marar daɗi, dariya yake yi ya saka na bara. Mutumin Yamai zai yi maka bayani da Faransanci na awa guda, ya nuna maka laifin gwamnati ne. Basudane ba ya cewa komai, sai ka daina ganinsa. Mutumin Kaduna kuwa ba ya yarda cewa gwaninsa ya gaza haka kawai. Dole akwai wanda ya lalata shi, kuma sai an gano ko wane ne.

Da na dawo gida na buɗe shago a Kakuri, lokacin masaƙu na aiki, in an tashi ma'aikata titi ba ya ɗaukar keke. Na'urata mai baki biyu ce: a baki ɗaya ka saka uwar kaset, wadda muke ce wa masta, a ɗayan ka saka emti, wato kaset ɗin da ba komai a kansa, ta karanta can ta rubuta nan. A Jidda na saye ta hannu na biyu, don haka mutanen benci suka sa mata suna Hajiya. Ni kuma suka sa min Kunne. Ba wanda ke sayen sabon kaset sai ya tambaya, "Kunne, ya ka ji shi?" In na ce a saya, a saya. In na taɓe baki, kaset ya kwana a kanta har ya yi ƙura. Akwai masu rikodin da yawa daga Makera har Sabon Tasha, wasu na'urarsu ta fi tawa. Abin da ya kawo mutane wurina wannan sunan ne kaɗai, ba ni da wani jari bayansa. Mutane sukan ce kaset ɗina ya fi na kowa nauyi, murya takan zauna daram. Nakan ce musu sirrin Kumasi ne.

Iro Na-Tsauni mai molo ne daga wani ƙauye can yamma, wajen iyakar Nijar. Ba a saka shi a rediyo, ba wanda ya taɓa ganin ko hotonsa. Mastansa na farko wani ɗan kasuwar hatsi ya kawo min, daga baya uku suka biyo ta hannun wani mai rikodin na Kano. Ni na shigo da shi Kaduna, sauran masu shaguna kuma daga kaset ɗina suka kwafa, ɓarayi. Murya ce mai kauri, mai tafiya a hankali, kamar ta mutumin da ya ci ya ƙoshi kuma ba ya tsoron kowa. Duk mun ɗauka wani ƙato ne mai gemu.

Manyan masoyansa biyu ne. Alhaji Sabo mai taya, wanda ke da shago uku a layinmu, da Mama Rifkatu mai abinci a ƙofar masaƙa, mutuniyar wajen Zonkwa. Ita daga safe har yamma Iro ne a rumfarta. Ta ce in ba muryarsa, tuwo ba ya tuƙuwa. Alhaji Sabo kuwa ya aika takanas a gayyato Iro bikin buɗe shagonsa na huɗu, wanda zai zama zuwansa Kaduna na farko.

To, sai shekarar tsiya ta zo. Hajiya ta fara cin zare. Na ɗauke ta na kai wa Ishaya mai gyaran rediyo a Romi, ya riƙe ta kwana biyu, ya dawo min da ita tana sheƙi. A makon ne sabon mastan Iro ya iso daga Kano, na farko da aka ce a situdiyo ya yi shi. Benci ya cika. Na goge hed, na saka, na danna.

Wata siririyar murya ta fito, tana sauri kamar mai bin motar haya. Molon ma ƙyal-ƙyal yake yi.

Alhaji Sabo ya ce, "Kunne, ka tabbata ba kaset ɗin wasu 'yan mata ka saka ba?"

Na duba rubutun, na juya ɗaya gefen. Haka dai. Aka zuba min ido, ana jiran hukunci. Ni kuma da na ga duniya, na ga yadda situdiyo ke lalata mawaƙa a Duwala, sai na gyara zama na ce, "Jama'a, Iro ya ƙare. Kano ta cinye shi."

Ba ku san nauyin wannan magana ba. Kafin mako ya zagayo an samo dalilai sun fi goma. Wani ya ce haƙoransa aka cire. Wani ya ce ruwan sanyi suka koya masa sha. Wani birkila ya rantse Iro ya rasu tun bara, ƙaninsa ne ke cin abinci da sunan. Mama Rifkatu ta sayi ɗaya duk da haka, don kara, ta dawo da shi washegari a cikin kwanon miya da ba komai. Ta ce, "Malam Kunne, karɓi abinka. Tuwona ya yi gudaji." Na rataye kaset ɗin a ƙusa a bakin shago, duk mai wucewa ya ɗan mare shi. Alhaji Sabo ya aika a ce wa Iro ya sha zamansa, an fasa. Har sauran masu shaguna da suka samo nasu daga Kano suka bi bayana, suna cewa ai Kunne ya faɗa.

A watannin nan wasu suka fara ƙorafin cewa kaset ɗina na sauran mawaƙa ma ya rage nauyi. Na ce laifin emti ne, yanzu jabu ake shigowa da shi. Tsofaffin kaset ɗin Iro kuwa suna tafiya kamar ƙosai, don ina da katan guda da na kwafa tun kafin Hajiya ta je Romi.

Ranar da katan ɗin ya ƙare, ranar Mama Rifkatu ta zo da nata na farko, wanda tururin miya ya gama da shi. Ta ce in yi mata sabo. Na ɗauko tsohon masta, wanda na yi shekara shida ina kwafa, na saka wa Hajiya, na rage sauti saboda ana sallar azahar a masallacin gefe. Na ba ta, ta tafi. Ba a yi rabin awa ba ta dawo, da muciya a hannu.

"Malam Kunne, ni za ka yi wa wayo? Ka ɗauki waƙar da ka ba ƙanin nan ya maimaita?"

"Wane ƙani, Mama? Mastan da kika sani ne."

"To saka ka ji."

Na saka. Tsohuwar waƙa ce, baiti bai canza ba, amma da siririyar muryar nan mai gudu. Na aro tsohon kwafi wurin mai shayi, na saka wannan, na saka wancan. Masta ɗaya, mutum biyu. Na rufe shago na hau acaɓa sai Romi.

Ishaya na cin dafaffiyar gyaɗa a bakin shagonsa. Na ce, "Ishaya, me ka yi wa Hajiya?"

Ya ce, "Oga, bel na canza mata. Ba ta aiki ne?"

Bel wata 'yar roba ce da ke juya zaren kaset. Ya shiga ya laluba cikin wani gwangwani, ya fito da tsohon, ya ɗaga shi sama. Ya saki, ya yi laƙwas. Ya ce, "Ka ga wannan? Robar tsohon gajeren wando ta fi shi ƙarfi. Bakin da ke karanta masta ɗingishi yake yi, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ina jin tun daga Jidda. Duk abin da ka kwafa, a hankali ya fito, murya ta yi ƙasa. Kai da ake ce wa Kunne, ban zaci sai na gaya maka ba."

Na zauna a kan wata matacciyar talabijin. Sirrin Kumasi ke nan a hannun Ishaya, yana lilo da shi. Shekara shida rabin Kaduna na son mutumin da babu shi a duniya, ni da Hajiya muka haife shi. Shi kuwa Iro na gaskiya, da aka ji shi yadda Allah ya yi shi sau ɗaya tak, na rataye shi a ƙusa.

Na ce, "Mayar min da tsohon."

Ya ce, "In mayar ta koma cin zare? Oga, ni mai gyara ne. Amma bakina a rufe yake, kada ka damu."

Bakin Mama Rifkatu ne ba shi da marfi. Da na yi mata bayani a bayan rumfa, ta ajiye muciya ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Kai ka ɓata wa bawan Allah suna, kai za ka gyara. Na ba ka zuwa Lahadi. In ba ka faɗa ba, ni zan faɗa, kuma ka san nawa da ƙari yake zuwa."

Na san abin da faɗin zai jawo. Wa zai sake tambayar mutumin da ya shekara shida bai ji na'urarsa na ɗingishi ba? Na yi ta juya dabaru. Har na yi tunanin in ce masta ne ke tsufa murya ta sirance, kamar yadda mutum ke ramewa. A Yamai da na sayar da wannan bayani, da Faransanci.

Ranar Juma'a bayan la'asar, an tashi daga masaƙa, benci ya cika, sai ga wani ɗan tsamurmurin mutum da jakar buhu a kafaɗa. Ya yi sallama da 'yar murya, aka matsa masa. Hirar Iro ake yi kamar kullum. Birkilan nan yana ba da labarin jana'izarsa, har da wanda ya yi masa salla. Baƙon ya saurara, yana gyaɗa kai.

Ya ce, "Allah sarki. Mi yak kashe shi?"

Birkila ya ce, "Ciwon wuya."

Alhaji Sabo ya ce, "Bai mutu ba, lalacewa ya yi. Ka ga kaset ɗinsa can a rataye. In kana so ka mara, kyauta ne."

Baƙon ya tashi, ya je ya duba kaset ɗin, ya ɗan mare shi a hankali. Ya dawo ya zauna, ya kwance bakin jakar, ya fito da molo. Ya ce, "Wane na Kunne cikinku? An ce min shi yas sa aka hana ni zuwa, shi ya sa niz zo da kuɗin motata. Ni na Iro."

Dariya aka yi. Alhaji Sabo har da riƙe ciki. Ya ce, "Kai? Malam, Iro in ya yi tari zai kayar da kai. Kunne, saka masa Iro ya ji."

Na saka kwafin mai shayi. Muryar nan mai kauri ta cika layin. Baƙon ya karkata kai, ya rufe ido, leɓensa na bin baitin tun kafin ya fito. Sai da waƙar ta kai ƙarshe ya buɗe ido.

Ya ce, "Waƙata ce. Amma wanga mutum ya hi ni iyawa. Ku gayyace shi, ni ma in zo kallo."

Na hango Mama Rifkatu ta tsallako titi, ta tsaya bayan benci ta harɗe hannu. Lahadi saura kwana biyu, amma na ga ba za ta jira ba, kuma gaskiya ko da ba ta zo ba, ba na jin zan iya kallon mutumin nan ya mayar da molonsa cikin buhu. Na kashe na'ura. Na ce, "Alhaji, shi ne. Wannan shi ne Iro, kuma muryarsa ke nan tun fil azal. Wancan na cikin kaset aikin Hajiya ne." Na yi musu bayanin bel tun daga farko, na saka masta, na saka kwafi, na sake sakawa. Ban rage komai ba, har sirrin Kumasi.

Sai birkila ya ce, "To ni jana'izar wa na je?"

Alhaji Sabo ya cire hula ya mayar. Ya ce, "Kunne, wato duk shekarun nan roba muke yi wa kirari?"

Iro ya ce a nuna masa robar. Tana aljihuna, don na karɓo ta daga Ishaya. Ya ja ta, ya saki, ya ce, "Wagga ita ag gwanarku. Ni ɗan amshi ne."

Daga ranar ba wanda ya sake tambayata yadda na ji kaset. Mutum ya zo, ya ce a saka masa, ya saurara da kunnensa, ya saya ko ya bari. Da yawa suka koma wani shago a Makera mai sabuwar na'ura. Ban rufe ba, amma na koma mai rikodin kamar kowa, kuma mai rikodin kamar kowa ba ya cika benci. Shekara biyu na yi kafin ciniki ya ɗan miƙe, shi ma gyaran kaset ne ya riƙe ni.

Alhaji Sabo dai ya mayar da gayyata a take, ya sauke Iro a gidansa. Aka yi bikin buɗe shago ranar Asabar ta sama da hantsi, aka tare rabin titi da kujeru. Iro ba wawa ba ne. Ya sassauta tsirkiyar molonsa, ya ja waƙa a hankali, ya danne murya iya ƙarfinsa har jijiyar wuyansa ta fito. Ya wasa Alhaji, ya wasa masu taya, ya wasa masu tuwo. Da ya zo kaina sai ya ƙi cewa Kunne, ya yi ta kiran Malam Bel, yana roƙon Allah ya ƙara min sanyin jiki. Layin gaba ɗaya ya ɗauki amshi. Na tashi na yi masa liƙi, don in ban yi ba ba zai bari ba.

Da aka watse na iske Mama Rifkatu tana haɗa kwanukanta. Ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi, na gani da idona. Na ce, "Mama, ya kika ji shi?"

Ta ɗora tire a ka, ta ɗan yi tunani.

Ta ce, "Malam Bel, tsakani da Allah ya yi ƙoƙari. Amma bai kai Iro ba."